Siyasa ta raba ni da yayana, ciwo ne ko me?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tela ne a unguwar Zariya, nan Maradi. Ni da yayana uwa ɗaya uba ɗaya muke, kwano ɗaya muka tashi muna ci. Tun zaɓen 2021, lokacin da aka je zagaye na biyu tsakanin Bazoum da Mahamane Ousmane, muka soma sa-in-sa. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 abin ya ƙara tsami. Ya daina zuwa fadarmu shan shayi, ya fita daga zauren WhatsApp na gida. Abin da ke ba ni tsoro shi ne ni kaina: in ya yi magana, ko gaskiya ce, sai in ji raina ya ƙi ta.

Amsa: Ƙanena, wasiƙarka ta taɓa ni, musamman ƙarshenta, domin ba kowa ke iya ganin wannan a zuciyarsa ba. Ba ciwo ba ne. Tsohon hali ne, ya girmi kowace jam'iyya nesa ba kusa ba.

Ba zan shiga muhawarar asalin halitta a nan ba, wannan fagen malamai ne. Amma masu binciken ƙasusuwan mutanen zamanin da sun tono na masu kama da mu a Maroko, waɗanda suka kai shekara 300,000, alhali noma bai wuce shekara 12,000 ba. Duk tsawon zamanin nan mutane a ƙananan ayari suke yawo, suna farauta, suna tsintar ƴaƴan itace. A ƙasarmu ma, a Gobero cikin Tenere, an gano makabartar masunta da suka zauna bakin tafki kusan shekara 10,000 da suka wuce. Ka yi tunanin mutum ɗaya a cikinsu da jama'arsa suka juya wa baya. Wa zai ba shi nama ranar da ya dawo hannu rabbana? Wa zai tsare shi da dare? Wanda ya iya gane "namu" da "nasu" da sauri, ya manne wa nasa, shi ya rayu ya bar baya. Mu ne bayan. Shi ya sa in yayanka ya faɗi gaskiyar da ta soki ɓangarenka, zuciyarka ba ta auna maganar, tana jin kamar ana jan ka waje da ayari.

Kuma abin da ke tada wannan hali bai taka kara ya karya ba. Wajen 1970, wani masani mai suna Henri Tajfel ya tara ƴan makaranta a Bristol ta Ingila, ya nuna musu zane-zane, ya ce ya raba su gida biyu bisa zanen da kowa ya fi so. A gaskiya rabon kara-zube ne. Da aka ba su kuɗi su raba, yawancinsu suka fifita ɗan gidansu da ba su ma san ko wane ne ba, wasu har suka yarda nasu ya samu kaɗan muddin ya fi na wancan. Babu gaba, babu gado, suna kawai aka laƙa musu.

Wannan ne ya sa nake da fata. Iyakar da zuciya ke shatawa tana gusawa. Mahaifina ya sha ba ni labarin zamanin jam'iyyun Sawaba da RDA a nan Nijar, yadda maƙwabcinmu ya ƙi zuwa sunan yayata saboda ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Da idona na ga ɗaurin auren jikar mutumin nan da ɗan wana, ana rabon goro a zauren da ya rantse ba zai sake takawa ba.

Sai dai kada ka ce za ka kira shi ku zauna ku fahimci juna kan siyasa. A 1954, wani masani mai suna Muzafer Sherif ya kai yara 22 wani sansani a Oklahoma ta Amurka, ya raba su biyu, ya sa su gasa. Cikin kwanaki suka ƙone tutar juna. Ya haɗa su cin abinci wuri ɗaya, suka yi ta jifan juna da abincin. Abin da ya sassauta su shi ne ranar da ruwan sansanin ya yanke suka taru neman inda ya toshe, da ranar da motar abinci ta ƙi tashi suka ja ta da igiya ɗaya.

To, nemi igiyarku. Damina na tafe. In akwai gonar gado, je ka same shi da kanka, ba ta waya ba, ka ce: "Yaya, iri da taki fa, ya za mu yi bana?" In ɗakin Inna na yoyo, ku hau rufin tare. Shi ne babba, kai za ka fara gaisuwa, ko sau nawa ne. In ya jefo maganar siyasa, ce masa "Allah ya zaɓa mana mafi alheri", ka miƙa masa kwanon. Bidiyon da ake turo maka na zagin ɓangarensa kuwa, daina buɗe su da dare. Bayan girbi ka sake rubuto mini, ina son jin buhu nawa kuka samu.