Me ya sa adadin kuromosom ke sauyawa a tsiron da na haɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai digiri na biyu a Kaduna. Na haɗa sel ɗin dankalin turawa da na tumatir bayan na cire musu bango, kuma tsirrai sun fito. Dankali yana da kuromosom (ƙullin DNA masu ɗauke da halayen gado a cikin sel) 48, tumatir 24, don haka 72 nake tsammani, amma a saiwa ɗaya nakan ƙirga 72, a wata 68, a wata ƙasa da haka. Ina tsoron a ce na lalata aikin ne, ga lokacin kare bincike ya matso.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, ki kwantar da hankalinki, aikinki bai lalace ba, domin zubar da kuromosom ɗabi'a ce sananniya ga tsiron da aka haɗa daga jinsi biyu. Kowane ɓangare yana da saurin da yake kwafar DNA da shi, kuma santiromiyar ɗayansu, wato wurin da zare ke kama kuromosom, takan kasa riƙe zaren da ke jan kuromosom zuwa gefe biyu a lokacin rabuwar sel. Wanda bai riƙu ba sai a bar shi a tsakiya, ya dunƙule ya zama ɗan ƙaramin nukiliyas (ɗakin da kuromosom ke zama a cikin sel), daga baya sel ya narkar da shi. An ga irin wannan tun 1970, lokacin da masana Kasha da Kao suka yi barbarar sha'ir da danginsa na daji, Hordeum bulbosum, kuromosom na dajin suka ɓace gaba ɗaya, kuma daga baya aka danganta hakan da rashin furotin CENH3 a santiromiyarsu. Daɗewar kalos (dunƙulen sel da bai zama saiwa ko ganye ba) a kwalba, musamman a kan sinadarin 2,4-D da ake sa wa abincin kwalba, tana ƙara karyewa da zubewa.

Abin da ya fi damuna shi ne zaton da ya yi kaka-gida, har a tsakanin masu digiri, cewa da zarar sel biyu sun haɗe an samu iri tabbatacce mai halin iyaye duka. Daga nan ne mutum zai ƙirga sel guda, ya ga 72, ya rufe littafi, alhali reshe ɗaya na tsiron zai iya bambanta da ɗan'uwansa. Masani Georg Melchers da abokan aikinsa a Jamus sun yi wannan haɗi na dankali da tumatir tun 1978, kuma tsirran da suka samu ba su ba da tumatir na kirki ko dankali na kirki ba, haihuwa ma ta gagare su. Sama da shekara 40 ke nan, babu gonar da ake noma shi don kasuwa.

Duk da haka, kusan kullum sai wani ya turo mini hoto daga Facebook ko WhatsApp, na tsiro mai tumatir a sama da dankali a ƙasa, tare da lambar mai sayar da "irinsa". Tsiron da ke hoton aure aka yi masa, kamar yadda ake yi wa mangwaro, irin wanda wani kamfanin Ingila ya fitar a 2013 da sunan TomTato. Kan tumatir aka ɗora a gindin dankali, kowanne yana nan da kuromosom ɗinsa, kuma ƙwayar da aka cire daga 'ya'yansa tumatir zalla za ta haifa. Wanda ya sayar wa manomin Ikara ko Soba wannan iri ya ci kuɗinsa da zalunci, kuma ya ci masa daminarsa, sai ya shirya amsar da zai bayar gobe kiyama. Mafi muni, dankali da kansa yakan yi 'ya'ya kore masu kama da ƙananan tumatir, cike da gubar solanin, kuma wanda aka cusa wa wannan labari zai iya ɗaukarsu a matsayin shaidar haɗin, ya jefa su a miya. Hukumar kula da iri ta ƙasa ce ke da alhakin bin sawun masu wannan talla, amma ina ganin sanarwa ta fi kame yawa.

Ke kuma, ki ƙirga sel da yawa daga saiwoyi daban-daban na kowane tsiro, ki maimaita bayan kowane dashe a sabon abincin kwalba, ki rubuta yawan sel masu ƙaramin nukiliyas da kuromosom da aka bari a baya. Auna yawan DNA da na'ura ba ya nuna ɓangaren da ya zube, sai da alamomin DNA ko GISH (dabarar rina kuromosom ɗin kowane jinsi da launinsa), don haka ki tuntuɓi Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ki ji wane kayan aiki za ki iya samu. Ki rage zaman kalos gwargwadon iko, kuma kada ki jefar da tsirran da adadinsu ya gaza, domin wanda ya riƙe na dankali duka tare da kuromosom ɗin tumatir ɗaya ko biyu kacal ya fi mai 72 amfani ga mai inganta iri. Ki ware wa wannan sauyi babi guda a kundinki.