Ƙanwata, kada ki ɓoye wa makaranta halin yaron

Ƙanwata, saƙonki ya iso. Kin ce maigida ya samu gurbin digiri na uku a birnin Sheffield na nan Ingila, amma abin da ke hana ki barci shi ne ɗanmu: shekararsa bakwai, an maimaita masa aji a Kano, har yau ba ya haɗa baƙi, malamai sun fara ce masa daƙiƙi. Kina tambaya ko ki yi shiru da zancen don kada a ƙi karɓarsa a nan.

Ku gode Allah karatun bincike ne. Tun Janairun 2024, wanda zai zo Ingila yin digiri na biyu na zaman aji ba ya tahowa da iyali, sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa. Ku kuna da dama, kuma makarantar gwamnati kyauta ce ga yaron. Ta hannun ƙaramar hukuma ake neman gurbi, ba a yi wa ɗan firamare jarrabawar shiga, ba kuma a ƙin yaro don kansa na da nauyi.

Shirun nan dai shi nake jiye miki tsoro. A Ingila ranar haihuwa ce ke zaɓa wa yaro aji, ana lissafi daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Agusta, kuma da wuya a maimaita wa kowa. Aji tafiya yake da shi, ya gane ko bai gane ba. Yaranmu kuwa ga ladabi ga kawaici. Zai zauna a kujerarsa lamo, malama ta ɗauka baƙunta ce ko Turancinsu ne bai kama kunnensa ba, kafin a farga shekara ta wuce. Mu an raine mu a kan malam ya fi sani, uwa ba ta zuwa makaranta sai an kira ta. A nan uwar da ba ta magana, ɗauka ake yi lafiya lau ɗanta yake.

Doka ta sa kowace makaranta ta ajiye malami guda mai kula da yara masu buƙata ta musamman, SENCO suke ce masa. Makon farko ki nemi zama da shi. Ki taho da sakamakon zangon karatunsa, da katin rigakafi, da duk wata takardar asibiti, da littattafan rubutunsa, musamman waɗanda jan biro ya cika, ba masu kyaun da za ki so nunawa ba. Abin da kuka tattauna ki sake aika masa ta imel, domin aiki a nan da rubutu yake tafiya. Makaranta za ta iya fara taimaka masa nan take, a ware shi da 'yan yara kaɗan ana bitar haruffa, ba sai likita ya ce ga sunan abin da ke damunsa ba. Ki riƙe wannan, don layin gwajin asibiti dogo ne ƙwarai. Ido da kunne kuwa a duba su da wuri. Gwajin ido kyauta ne ga yaron da bai kai 16 ba.

In taimakon makaranta bai wadatar ba, akwai takardar da ake kira EHCP, ƙarƙashin dokar 2014, wadda ke tilasta wa ƙaramar hukuma samar da abin da aka rubuta a ciki. Ke da kanki kina da ikon nema. Doka ta ce a gama cikin mako 20, amma sau da yawa ana zarcewa, wani lokacin ma a ƙi, sai an ɗaukaka ƙara. Kada wani ya ce miki aljanna ce.

A gida, zai riƙa zuwa da ɗan littafin karatu a jaka. Minti goma bayan ya ci abinci ya isa. Sai dai su da sautin harafi suke koyarwa, ba rera sunayen haruffa irin namu ba, don haka ki roƙi malama ta nuna miki, kada ku riƙa ja masa hanya biyu. Hausa kuwa kada ki daina yi masa, ba ita ce ta hana shi karatu ba, malaman ma haka za su gaya miki.

Islamiyya ce za ta ba ki wahala. Ana tashi daga boko wajen ƙarfe uku da 'yan mintuna, galibin islamiyyu biyar zuwa bakwai suke, a lokacin sanyi kuma duhu ya yi tun huɗu. Yaron da ya wuni yana kokawa da baƙi ba shi da sauran ƙarfi. Ni da ni ce, ta ƙarshen mako zan sa shi, hadda kuma ta kunne a gida, mahaifinsa na biya masa. Bulala ki bar ta a Kano. In ya faɗa a aji, dole ne malama ta kai maganar gaba, kuma ba za ki so ma'aikatan kare yara su ƙwanƙwasa miki ƙofa ba.

Ki gaya wa maigida kada ya kama gida sai ya tambayi ƙaramar hukuma waɗanne makarantun unguwar ke da gurbi a ajin yaron, don nisan gida da makaranta na cikin abin da ake dubawa. Ki gaida Hajiya da kyau.