Shirun budurwar da aka matsa wa lamba, yarda ce?

Tambaya: Malam, ni 'yar Aboabo ce a Kumasi, shekaruna 22, ina koyon ɗinki. Mahaifina ya rasu. Baffana ya karɓi goro da kuɗin gaisuwa daga wani ɗan kasuwar Kejetia da ba na so. Dattawan unguwa sun zo gida sun ce kada in kunyata dangi, mahaifiyata kuma ta ce in na ƙi ba za ta yafe mini ba. Da aka tambaye ni a gabansu na kasa magana, sai kuka. Yanzu an ce na yarda.

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. 'Yata, Allah ya yaye miki wannan damuwa.

Baffanki ba shi da ikon aurar da ke ba da izininki ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi a zangunanmu, uba ne aka ba ikon tilasta wa budurwa, sai kuma wanda uban ya bar wa wasiyya a kan haka, ke kuwa ba ki ambaci wata wasiyya ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta ce wanda ba uba ba, ba ya aurar da budurwa sai ta balaga ta ba da izini. Ko ikon uban ma, Abu Hanifa bai yarda da shi a kan baliga ba. Bukhari ya ruwaito cewa Khansa'u bint Khidam, wadda bazawara ce, mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, ta kai ƙara wurin Annabi (SAW), ya warware auren.

Gaskiya ne hadisi ya ce izinin budurwa shi ne shirunta. An yi haka ne don a rufa wa mai kunya asiri, wadda take so amma nauyin baki ya hana ta faɗa. Abin da ke damuna shi ne yadda muka mayar da wannan sassauci makami. A tara dattawa biyar a falo, a zaunar da yarinya a ƙasa kanta a sunkuye, uwa na gefe tana share hawaye da bakin mayafi, an riga an raba goro a unguwa, sannan a ce "kin yarda?" Wace yarinya ce za ta ɗaga kai a nan? Babu wanda ya ɗaga mata hannu, amma an toshe mata kowace ƙofa. Dangi da dattawa da surutun unguwa sun yi aikin da bulala ba za ta yi ba.

Sai dai ki kula da wannan sosai. Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce in budurwa ta ƙi ko ta tashi ta bar wurin, ba a aurar da ita, amma dariya ko kuka ba a ɗaukarsu ƙi, don ana iya cewa kukan rabuwa da gida ne ko tuna mahaifi. Saboda haka kukanki kaɗai ba zai ishe ki hujja ba. Ki buɗe baki ki ce "ban yarda ba" a gaban adilai biyu, ki aika gwaggo ko kawun da kika amince da shi ya sanar da limamin da zai ɗaura auren tun kafin ranar. Limamin da ya ji haka ya ɗaura, auren bai inganta ba, kuma yana da kasonsa na zunubi.

Ƙin wannan aure ba saɓa wa mahaifiya ba ne. Ki yi mata magana da ladabi, ki ci gaba da hidimarta. Sau da yawa ita ma tsoron bakin mutane ne ya sa ta faɗi haka. A mayar wa mutumin kuɗinsa cikin mutunci.

In aka nace, dokar laifuka ta Gana ta 1960, sashe na 109, ta ɗauki tilasta aure a matsayin laifi, kuma sashen 'yan sanda na DOVVSU, mai kula da cin zarafi a cikin gida, yana karɓar irin wannan ƙara. Ki fara da liman da manyan dangi, in sun gaza babu laifi a kanki ki je can.

Allah ne mafi sani.