Zanen Fuskar Kaka da Tawada

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ina taɓa zane. Na ga fuskokin tsofaffin ƙabilar Mawori a waya, an zana su da tawada, sai na yi sha'awar zana kakata da tsagenta. Me ya sa suke girmama wannan zane haka, kuma wace tawada ta dace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mawori su ne 'yan asalin ƙasar Niyu Zilan, zanen fuskar nan kuma moko suke ce masa. A wurinsu kai wuri ne mai alfarma, moko kuwa shi ke faɗin zuriyar mutum da matsayinsa. Da suka ƙulla yarjejeniyar Waitangi da Turawan Ingila a 1840, wasu shugabanninsu wani yanki na zanen fuskarsu suka zana a takardar maimakon suna. Ko a 2020, da aka naɗa Nanaia Mahuta ministar harkokin wajen Niyu Zilan, da zanenta a haɓa ta kama aiki.

Mu ma ai mun san wannan. A da, kafin baƙo ya buɗe baki an gane Bagobiri ne ko Babarbare. Yanzu yawancin iyaye sun daina kai jarirai gun wanzami a yi musu tsage, dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ma ta hana. Idan tsarar kakarka suka shuɗe, da wuya jikokinka su ga irin wannan fuska, shi ya sa niyyarka ta burge ni.

Fara da neman yardarta, ko da za ta tsokane ka da wasan jika. Zauna gabanta da hantsi, lokacin da haske ke fito da kowane layi. Ƙirga su. Tambaye ta sunan tsagen, na gidan ubanta ne ko na garinsu, ka rubuta amsar a ƙasan zanen. Roƙona ɗaya: kada ka ƙara layi ko ka rage don ya yi kyau. Ka sauya guda, ka ba ta wani asalin da ba nata ba.

Malamai sun yi magana mai yawa kan zana abu mai rai, don haka ka ji ta bakin limamin garinku tukuna. In ya hana, zana tsagen kaɗai ba tare da ido da baki ba.

Batun tawada kuwa, guji zuge, na allo ne, ruwa ke wanke shi. Je tsangaya ka tambayi alaramma 'yambari, wadda ake rubuta Alƙur'ani da ita a takarda. Fere alƙalamin gamba biyu, mai kauri da siriri. Nemi takarda mai kauri, don ta littafin makaranta tsotse tawada take yi, sannan ka adana zanen nesa da danshi da gara.