Tambayi Likita: Fyaɗe, Duka da Abin da Gangami Yake Faɗa Mana

A kowace shekara, daga 25 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, ana gudanar da gangamin kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata a duniya, kuma jihar Legas ta keɓe watan Satumba domin wayar da kai kan wannan matsala. Ga wasu daga cikin tambayoyin da masu karatu suka aiko bayan sun ji waɗannan saƙonni.

Tambaya daga wata uwa a Agege: Likita, wani maƙwabci ya yi wa 'yata mai shekara 14 fyaɗe shekaranjiya. Dangi sun ce a rufa asiri, an gasa mata jiki da ruwan zafi. Na ji a rediyo ana cewa a je asibiti, shin akwai sauran amfani?

Amsa: Hajiya, Allah ya ba ki juriya, akwai amfani ƙwarai, amma ki kai ta yau, kada ki bari sai gobe. Akwai maganin da ake kira PEP wanda yake kare mutum daga kamuwa da ƙwayar cutar HIV, sai dai dole ne a fara shan sa kafin sa'o'i 72 su cika daga lokacin da abin ya faru, a kuma ci gaba da sha har kwana 28. Ke kuwa kin riga kin cinye kwana biyu. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana aiki har zuwa kwana 5, kodayake ƙarfinsa yana raguwa da jinkiri. Za a kuma ba ta maganin cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da allurar rigakafin ciwon hanta idan ba ta taɓa yi ba. Ruwan zafi ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan, yana ma iya ƙara mata rauni.

Cibiyar Mirabel da ke cikin asibitin koyarwa na LASUTH a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana yin wannan aiki kyauta, kuma ba ta da nisa da ku. Haka ma cibiyar WARIF a Yaba. Ki tafi da tufafin da ta sa a ranar, ba tare da an wanke ba, a naɗe a takarda maimakon leda, domin danshin leda yana lalata shaida. Wankan da aka yi mata bai hana a duba ta ba. Abin da yake ci mini rai shi ne, asirin da ake rufawa na mai laifi ne, ita kuwa yarinya a bar ta da firgita da rashin barci. Ki gaya mata da bakinki cewa ba laifinta ba ne, domin wannan kalma daga uwa magani ce.

Tambaya daga wata matar aure a Idi-Araba: Maigidana ya shaƙe ni a wuya da muka samu saɓani. Babu tabo, amma muryata ta dishe kuma haɗiye abinci yana yi mini wuya.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je asibiti yanzu. Shaƙewa tana iya raunata maƙogwaro da jijiyoyin da suke kai jini ƙwaƙwalwa ba tare da an ga komai a fata ba, kuma kumburi ko shanyewar ɓarin jiki suna iya biyo baya bayan kwanaki. Ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru domin ya rubuta. Shaƙewa tana daga cikin manyan alamomin da suke nuna ran mace yana cikin haɗari, don haka wannan ya wuce a ce miki ki yi haƙuri. Dokar kariya daga cin zarafi a cikin gida ta Legas, ta 2007, ta ba kotu ikon hana shi kusantar ki, hukumar DSVA ta jihar Legas, mai yaƙi da cin zarafi a cikin gida da fyaɗe, kuma tana taimakawa da mafaka da lauya. Idan abu ya yi tsanani, ki kira lambar gaggawa ta 112 ko 767.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: Shin wannan gangami ba zuga mata yake yi su kashe aurensu ba?

Amsa: Malam, abin da yake kashe aure shi ne duka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i, kuma yara maza ma ana lalata da su, sai dai kunya ta fi rufe musu baki. Damuwata da gangamin ita ce harshe, domin yawancin allunan da nake gani a kan titi da Turanci ko Yarabanci aka rubuta su, matar da take cikin gida a Alaba Rago kuwa ba za ta amfana da su ba. Ku da kuke da faɗa a ji a kasuwa, ku roƙi limamai da malaman Islamiyya da fadar Sarkin Hausawa su riƙa faɗin sa'o'i 72 ɗin nan da Hausa, su kuma ambaci sunan wurin da za a je.