Tambaya da Amsa: Sautin Kwamfutata Yana Ƙas-ƙas

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Jidda, kuma nakan ɗauki karatun malamin unguwarmu da kwamfutar tebur domin in tura wa 'yan uwa a gida. Kwanan nan sautin ya fara ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye, wani lokaci har kalma ta yanke. Na sayi sabuwar lasifika amma abin bai sauya ba. Mece ce mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Tun da ka sauya lasifika matsalar tana nan, zargina ya fi karkata ga abin da ake kira bafa, wato 'yar ma'ajiyar da kwamfuta take tara sauti kafin ta miƙa shi. Ka ɗauke ta kamar randar da wani yake zuba wa ruwa wani kuma yana ɗiba. Idan randar ƙarama ce, mai zubawar ya ɗan yi jinkiri, sai mai ɗiba ya kankari ƙasa. Wannan giɓin ne kunnenka yake ji a matsayin ƙas-ƙas.

Ka buɗe saitin sauti na manhajar da kake ɗauka da ita, ko na direban ASIO (wata 'yar manhaja da take haɗa manhajar ɗauka da na'urar sauti) idan da shi kake aiki, ka duba girman bafa. Idan ka tarar da 64 ko 128, ka ɗaga shi zuwa 512, in bai daina ba ka kai 1024. Abin da hakan zai jawo kawai shi ne ɗan jinkiri: a ma'aunin sauti na 48,000 (wato yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta take ɗauka a kowace daƙiƙa), bafa mai 512 tana jinkirta sauti da kusan kashi 11 cikin dubu na daƙiƙa, wanda ba ya cutar da mai ɗaukar karatu ko kaɗan. Masu sauraron muryarsu a kunne yayin ɗauka ne suke bukatar ƙaramar bafa, kai kuwa ba na ganin kana cikinsu.

Ka kuma tabbatar ma'aunin sauti ɗaya ne a Windows da manhajar, kada ɗaya ya zama 44,100 ɗaya 48,000, sannan ka rufe sauran manhajoji lokacin ɗauka.

Abu na ƙarshe, wanda zafin Jidda ya sa dole in ambata: kwamfutar da ƙura ta toshe wa fanka takan rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone, sai bafa ta riƙa ƙarewa. Ka kashe ta, ka cire wuta, ka buɗe akwatin ka hure ƙurar, kafin ka sake kashe riyal ɗaya.