Filin Tambayoyin Masu Karatu: Masu Latti da Masu Jiransu

Wasiƙun wannan makon a kan latti suka fi yawa. Galibinsu daga waɗanda ake shanyawa suka zo, guda ɗaya kuma daga wanda ake jira. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da ƙawa wadda muka shaƙu tun muna makaranta, amma ba ta taɓa cika lokaci ba. In muka yi da ita ƙarfe 4:00, sai 4:40 ko 5:00 za ta iso. In na kira ta sai ta ce "ga ni nan a hanya", alhali na san ko shiri ba ta fara ba. Muna haɗuwa kamar sau biyu a mako. Na fara jin kamar raina ni take yi. Ba na son mu ɓata, amma na gaji da jiran gawon shanu. Me zan yi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Kina da hujjar jin zafi. Minti 40 sau biyu a mako, in aka tara, kusan awa 70 ke nan a shekara, wato kusan kwana uku cur kina zaune kina duba agogo.

Amma ba tsawon jiran kaɗai ke ƙona rai ba. A 1985 wani malamin nazarin kasuwanci a jami'ar Harvard, David Maister, ya yi bayanin abubuwan da ke sa jira ya yi wa mutum nauyi: jiran da ba ka san ƙarshensa ba ya fi wanda aka gaya maka iyakarsa tsawo a zuciya, jiran da ba a faɗa maka dalilinsa ba ya fi ciwo, haka ma jiran da kake zaune hannu rabbana. "Ga ni nan a hanya" ta haɗa duka ukun. Da ta ce miki "sai 4:45 zan iso", da kin yi wani abin da lokacinki. Don haka ki daina tambayarta "kina ina?". Ki ce mata ta turo miki saƙo a daidai lokacin da ta fito daga ƙofar gida, ke kuma daga nan ki lissafa lokacin da za ki tashi.

Batun raini kuwa, ki lura da ita kafin ki yanke hukunci. In tana makara har wajen jarrabawa, ganin likita da tashin jirgi, matsalarta ta lissafin lokaci ce, kuma ita ma tana shan wahalarta. In kuwa can tana cika lokaci, sai wajenki take sakewa, to ta saba ne cewa lattin da take yi miki ba ya jawo mata asarar komai. Ko wanne ne, maganin ɗaya ne: ki sa wa jiranki iyaka.

Ki yi mata maganar ranar da kuke cikin raha, kada ki bari sai ta iso a makare kina huci. Misali: "Ƙawata, ina son haɗuwarmu, amma jiran nan yana cinye mini yini. Daga yanzu minti 15 zan riƙa jira, in ba ki zo ba zan wuce, mu sake sa rana." Inda akasarin mutane ke kuskure shi ne su faɗi haka, ranar ta zo kuma su zauna awa guda. Yin hakan sau ɗaya ya isa ya nuna mata maganar ba ta da nauyi. In minti 15 ta cika, ki tura mata saƙo mai taushi cewa kin tafi, kuma ki tafi ɗin. Ranar farko za ta ji haushi; ki yi haƙuri da wannan, kada ki biyo shi da gori.

Sannan ki daina ɗaure tafiyarki a ƙafarta. Kada ta zama ita za ta biyo ta ɗauke ki, kada tikitinki ya kasance a hannunta, kuma ku riƙa haɗuwa a inda za ki iya zama ki yi karatu ko wani aikin, ba bakin titi ba.

TAMBAYA: Ni ne mai lattin. Wallahi ba da gangan nake yi ba. Kullum sai in ga kamar akwai sauran lokaci, kafin in ankara har ya wuce. An yi mini gargaɗi sau biyu a wurin aiki. Na gwada tura agogona gaba da minti 10, bai yi amfani ba. Ku taimaka mini. Daga wani ma'aikaci.

AMSA: Malam, mun ji daɗin wasiƙarka, domin wanda ya yarda matsalar tasa ce ya fi saurin samun mafita. Tura agogo gaba ba ya aiki saboda kai ka tura shi, kuma duk lokacin da ka duba sai zuciyarka ta cire minti goman. Ka mayar da shi daidai.

Tushen matsalar shi ne yadda ɗan Adam ke ƙiyasta lokaci. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun yi bayaninsa a 1979: in mutum zai ƙiyasta tsawon aiki, hoton ranar da komai ya tafi sumul yake gani, ya manta da yadda abin ya saba kasancewa. A wani bincike da Roger Buehler da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, an tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa zai ɗauke su kammala kundin bincikensu. A matsakaici suka ce kwana 34. Aka ce to in komai ya lalace fa? Suka ce kwana 49. Abin da ya faru a zahiri: kwana 55 da ɗoriya. Ko ƙiyasinsu na mummunar rana bai kai gaskiya ba. Kai ma da za a tambaye ka minti nawa ne daga gida zuwa ofis, lissafin ranar da hanya ba kowa za ka bayar.

Saboda haka ka ajiye ƙiyasi ka koma awo. Na kwana biyar a jere, ka rubuta a waya ko takarda lokacin da ka farka, lokacin da ka gama wanka da sa kaya, lokacin da ka rufe ƙofa, da lokacin da ka zauna a kujerarka. Daga cikin tafiye-tafiye biyar ɗin, ka ɗauki mafi tsawo ka yi aiki da shi.

Daga nan sai ka yi lissafi da baya-baya. A ce ƙarfe 9:00 ake son ganinka. Cire minti 10 na ko-ta-kwana, saura 8:50. Cire minti 10 na ajiye mota ko sauka daga abin hawa, takawa, hawa bene da sa hannu, saura 8:40. In tafiyar mafi tsawo minti 35 ce, dole ƙafarka ta bar gida 8:05. Neman makulli, sa takalmi, kashe fitilu da kulle ƙofa suna cin minti 10 da ba wanda ke lissafa su, saura 7:55. Wanka da shiri minti 30, saura 7:25. Karin kumallo minti 15, saura 7:10. Sai minti 15 na wartsakewa, domin nauyin barci ba ya sakin mutum nan take. Ke nan 6:55 za ka tashi. In akwai yaran da kake shiryawa ko kaiwa makaranta, su ma ka auna nasu ka ƙara.

Lambar da za ka riƙe a kai ita ce 8:05. Mai latti lokacin isa yake kallo, shi ya sa in ya ga 8:20 sai ya ce ai akwai sauran minti 40, alhali ya riga ya makara da minti 15. Ka sa ƙararrawar waya biyu bayan ta tashi daga barci: ɗaya 7:55, ma'anarta "bar duk abin da kake yi", ɗaya 8:05, ma'anarta "fita".

Abokin gabarka na gaskiya shi ne "bari in ɗan". Bari in ɗan amsa saƙon nan, bari in ɗan goge rigar can, bari in ɗan sa waya caji. Kowanne kamar minti biyu, amma uku daga cikinsu sun cinye ko-ta-kwanarka kaf. Bayan ƙararrawar 7:55 babu fara sabon abu, komai ƙanƙantarsa. Duk abin da zai yiwu da daddare, a yi shi da daddare: fitar da kaya da guga, cajin waya, haɗa jaka, duba man mota, ajiye makulli a wuri ɗaya da ba ya canzawa. Tun ran gini tun ran zane.

Akwai kuma wani abu da masu latti ba su cika faɗa ba: ba sa son isa da wuri, suna ganin zaman minti goma ba aiki asara ce, sai su yi ta auna isa daidai kan ƙa'ida, kuma mai auna daidai ɗin kullum zai zarce. In haka kake, ka tanadi abin yi na wannan minti goman, kamar tsara ayyukan ranar ko amsa saƙonnin da ka hana kanka taɓawa a gida.

In ka bi wannan na wata guda babu sauyi, kuma tun ƙuruciya kake fama da mantuwa, ɓatar da kaya da kasa tsayawa kan aiki ɗaya, yana da kyau ka ga likita. Larurar rashin iya tattara hankali da ake kira ADHD tana shafar yadda mutum ke jin wucewar lokaci, kuma ana samun taimako a kanta. Ƙarancin barci ma yana yin nasa: mai tashi 6:55 ya kamata ya kwanta kafin 11:55 na dare, don babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai.

TAMBAYA: Ni ne shugaban wata ƙungiya mai mambobi 20. Taronmu na ƙarfe 10:00 ba ya farawa sai kusan 11:00. Muna shawarar sa tarar kuɗi ga duk wanda ya makara. Ya kuke gani?

AMSA: Ranka ya daɗe, ka yi hattara da tara. Masana tattalin arziki Uri Gneezy da Aldo Rustichini sun gwada ta a gidajen renon yara goma a birnin Haifa na Isra'ila, suka wallafa sakamakon a 2000. A shida daga cikin gidajen aka sa tarar shekel 10 (kuɗin Isra'ila) ga iyayen da suka makara wajen ɗaukar yaransu. Maimakon latti ya ragu, sai ya kusan ninkawa, kuma da aka janye tarar bai koma yadda yake a da ba. Dalili: kafin tarar kunya ce ke hana iyaye shanya masu reno, da aka sa kuɗi sai suka ɗauka sun sayi lattin ne. Ƙaramar tara tana iya zame muku lasisin makara.

Abin da ke lalata taronku shi ne jiran da kuke yi. Duk ranar da aka jira masu latti, masu zuwa da wuri aka hukunta, kuma taro na gaba su ma za su ja ƙafa. Mutum 12 su zauna minti 20, awa huɗu ke nan na aikin mutane ta salwanta.

Ka sanar tun mako guda kafin taro cewa 10:00 za a buɗe, 11:30 a rufe. Kai da sakatare ku iso 9:45. Ƙarfe 10:00 ka buɗe ko da mutum huɗu ne. In dokar ƙungiya ta ce sai adadi kaza sun hallara kafin a yanke shawara, ku fara da rahotanni da muhawara, a sa lokacin ƙuri'a a rubuce, misali 10:40. Wanda ya shigo a makare ya zauna shiru, kada a koma baya don a maimaita masa. Ya karanta a rubutaccen bayanin taro, inda sakatare zai rubuta lokacin isowar kowa. Lokacin rufewa kuma ka kiyaye shi kamar na buɗewa, domin mutane da yawa suna makara ne saboda sun san taron ba ya da ƙarshe. Ka ba tsarin taro uku ko huɗu kafin ka auna shi.

TAMBAYA: Mijina mai nawa ne. In za mu fita 6:00, in ce masa 5:30 ne?

AMSA: A'a, Hajiya. Dabarar tana aiki sau biyu ko uku, daga ranar da ya gano kuwa zai riƙa ƙara rabin awa a kan duk lokacin da kika faɗa, har da na gaskiya, ga kuma yarda ta samu tabo. Ki gaya masa lokutan biyu a fili: "6:00 ake farawa, 5:25 za mu bar gida." Lokacin barin gidan za ki riƙa tuna masa, sau ɗaya da safe, sau ɗaya saura rabin awa.

TAMBAYA: Wanda ke shanya ni maigidana ne a wurin aiki. Ba zan iya cewa zan tafi bayan minti 15 ba.

AMSA: Gaskiya ne, ɗan'uwa, na gaba ba a gindaya masa sharaɗi. Amma kana da abubuwa uku a hannunka. Ka nemi ganawar farko ta safiya in zai yiwu, domin jinkiri taruwa yake yi: kowace ganawa ta zarce da minti biyar, ta shida za ta fara da kusan rabin awa a makare. Kada ka sa wani alkawari mai muhimmanci ƙasa da awa ɗaya bayan nasa. Kuma tun wajen sa lokacin ka faɗi uzurinka cikin ladabi: "Yallaɓai, ina da wani aikin ofis ƙarfe 12:00, in hali bai yi ba kafin nan sai in dawo da yamma." In yana da sakatare, ka bar lambarka a kira ka saura minti biyar ya gama, ka koma teburinka ka ci gaba da aiki.